Cunkoso A Sana'ar Tsara Shafukan Yanar Gizo: Bayani Ga Iyaye, Matasa Da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, da wuya a sami ƙaramar hukumar da ba a taɓa shirya wa matasanta horo a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa ba, kuma ɗaya daga cikin darussan da aka fi yi wa rububi shi ne tsara shafukan yanar gizo. Ana gaya wa matasa cewa duk wanda ya iya wannan aiki zai zauna a ɗakinsa yana karɓar kwangila daga ko'ina a duniya, ana biyan sa da dala. A dalilin wannan albishir, akwai iyayen da ke sayar da dabba ko su jinginar da gona domin sayen kwamfuta da biyan kuɗin makaranta. Su ma shugabannin ƙananan hukumomi kan ware kuɗi don irin wannan horo da kyakkyawar niyyar rage zaman kashe wando.

Mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin halin da kasuwar wannan sana'a take ciki. Sana'ar tana nan da ranta, amma masu yin ta sun yi yawa ƙwarai, farashin aiki mai sauƙi ya faɗi, kuma na'urori sun karɓe wani kaso mai tsoka na abin da mutum yake yi da hannunsa a da. Wanda zai shige ta yana bukatar ya san wannan tun kafin ya zuba jarinsa.

Mene Ne Aikin Mai Tsara Shafi?

Shafin yanar gizo kamar rumfa ce a kasuwar da ba ta tashi dare da rana. Makaranta ko asibiti ko kamfani kan buɗe shi domin jama'a su ga bayanansa daga wayoyinsu ko kwamfutocinsu. Kafin shafi ya tsaya da ƙafafunsa ana bukatar abubuwa uku. Na farko shi ne adireshi, wato sunan da za a rubuta a same shi, wanda ake biyan kuɗin rajistarsa shekara-shekara. Na biyu shi ne wurin ajiya, wato hayar gurbi a wata babbar na'ura da ba a kashe ta, ita ma ana biya wata-wata ko shekara-shekara. Na uku shi ne tsarin shafin kansa: rubutu, hotuna, launi, da yadda mai ziyara zai tashi daga wannan sashe zuwa wancan. Mai tsara shafi shi ne yake haɗa waɗannan abubuwa.

Wanda muke magana a kansa a nan shi ne mai zaman kansa, wanda ba ya karɓar albashin kowa. Shi yake neman mai ba shi aiki, su yi ciniki, ya gama, a biya shi, sannan ya sake fita nema. Matsayinsa ɗaya da na magini ko tela, kuma abin da ke samun su idan masu sana'a suka fi masu bukata yawa shi ne yake samun sa.

Yadda Kasuwar Take A Da

An buɗe shafin yanar gizo na farko ga jama'a a shekarar 1991, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, ta hannun wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee. A shekarun da suka biyo baya, sai wanda ya koyi rubuta umarnin kwamfuta layi bayan layi yake iya gina shafi. Masu wannan ilimi kaɗan ne, masu bukata kuwa kullum ƙaruwa suke yi, saboda haka mai sana'ar shi yake yanka farashi.

A Nijeriya, shekarar 2001 ce ta buɗe ƙofa. A cikinta aka kafa Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA, a cikinta kuma kamfanonin wayar tafi-da-gidanka suka fara aiki. A shekarar 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA mai kula da rajistar adireshin da ke ƙarewa da .ng. A wancan lokaci bankuna da jami'o'i da ma'aikatu duk suna neman wanda zai buɗe musu shafi, kuma matashin da ya iya aikin yakan samu rufin asiri. Labaran nasarar da ake ba wa yaranmu a yau, yawancinsu daga wancan zamani suka samo asali.

Dalilan Da Suka Cika Kasuwar

Dalili na farko shi ne sauƙin kayan aiki. A shekarar 2003 aka fito da manhajar WordPress, wadda ake samu kyauta, kuma take zuwa da dubban samfurori da aka riga aka zana. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya zaɓi wanda ya yi masa, ya sa sunansa da hotunansa. A yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su. A shekarar 2006 kuma aka kafa kamfanin Wix, wanda ke ba mai shago damar gina shafinsa da kansa ba tare da ya san ko harafi ɗaya na umarnin kwamfuta ba. Aikin da yake cin makonni a da, yanzu ana iya gama irinsa a yini guda. Idan aiki ya yi sauƙin koyo, masu koyonsa sukan yi yawa.

Dalili na biyu shi ne kasuwar ta zama ta duniya baki ɗaya. Akwai manyan dandali da ke haɗa masu ba da aiki da masu nema. Dandalin Fiverr ya fara a shekarar 2010 da tsarin yin aiki a kan dala 5, kuma yana cire kashi 20 cikin 100 na abin da aka biya mai sana'a. Kamfanonin Elance da oDesk sun sanar da haɗewarsu a shekarar 2013, suka koma Upwork a 2015, inda mai neman aiki yake amfani da wasu tikitoci da akan saya kafin ya miƙa tayinsa. A irin waɗannan wurare, matashi daga ƙauyenmu yana gogayya ne da takwarorinsa na Indiya da Bangaladash da Pakistan, ƙasashen da suka yi fice wajen yawan masu irin wannan aiki. Da yawa daga cikinsu sun shekara goma ko fiye suna yi, suna da shaidar yabo daga ɗaruruwan waɗanda suka yi wa aiki. Mai ba da aiki yakan duba wannan shaida kafin komai. Sabon shiga ba shi da shaida sai ya yi aiki, ba ya kuma samun aiki sai da shaida, don haka yakan karya farashi har ya koma yana yi kusan a banza.

Dalili na uku shi ne masu ƙananan sana'o'i da dama ba su ƙara bukatar shafi na kansu ba. Tun daga shekarar 2007 Facebook ya ba 'yan kasuwa damar buɗe shafin talla kyauta, Instagram ya zo a 2010, sannan WhatsApp Business a 2018. Mai sayar da atamfa ko turare ko hatsi takan ɗauki hoto da wayarta, ta tura, a yi ciniki, a turo kuɗi ta banki. Babu kuɗin adireshi, babu hayar wurin ajiya. Waɗannan kuwa su ne ya kamata a ce sabon mai tsara shafi ya fara cin abinci a wurinsu.

Dalili na huɗu shi ne ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, an sami manhajoji da mutum zai faɗa musu irin shafin da yake so da magana ta yau da kullum, su tsara masa rubutu da hoto da umarnin kwamfuta cikin 'yan mintoci. Aikinsu ba ya rasa kurakurai, kuma yana bukatar idon gwani, amma ya ishi mai neman abu mai sauƙi.

Dalili na biyar shi ne yawan horarwa. Gwamnatin Tarayya ta saka koyon fasahar zamani a cikin shirin N-Power da aka fara a 2016, sannan a 2023 ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannoni daban-daban na fasaha. Ga kuma makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin agaji, da darussan kyauta a YouTube. Wannan ci gaba ne abin yabawa. Sai dai idan kowace cibiya ta koyar da darasi iri ɗaya, aka yaye ɗalibai masu iyawa iri ɗaya, aka tura su neman aiki a wuri ɗaya, to an kai ga abin da Hausawa ke cewa, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Darasi Daga Abin Da Muka Gani Da Idonmu

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. Waɗanda suka manyanta za su tuna masu laima da teburi da ke bakin titi bayan zuwan wayar salula, inda mutum yake biya ya yi kira na minti ɗaya ko biyu. Na farko-farko sun samu. Da kowa ya kafa laimarsa, riba ta ragu, da waya ta yi araha ta shiga aljihun kowa kuwa, sana'ar ta ɓace. Haka shagunan shiga intanet suka yi tashe a biranenmu, har wayoyin zamani suka rage musu kasuwa. A kwanan nan ma mun ga yadda masu cirar kuɗi da na'urar POS suka yawaita, musamman bayan ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, har ta kai ana samun rumfuna da dama a layi ɗaya suna jiran mutum guda.

Waɗanda suka tsira a cikinsu su ne waɗanda suka ƙara wani abu a kan sana'ar. Mai laima ya koma gyaran waya, mai shagon intanet ya koma yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da buga takardu. Sana'ar tsara shafi tana kan wannan hanya a yau.

Abin Da Cunkoson Ke Haifarwa

Ga mai sana'a, illa ta farko ita ce faɗuwar farashi a daidai lokacin da kuɗin gudanar da aiki ke hawa. Kwamfuta daga waje ake shigo da ita, hayar wurin ajiya da wasu manhajoji sau da yawa da dala ake biya, darajar naira kuwa ta faɗi sosai bayan sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yuni na 2023. Ga kuɗin data, ga na man janareta ko na'urar hasken rana a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Illa ta biyu ita ce rashin tabbas, domin mutum yana iya samun aiki a wannan wata, ya yi watanni bai ga wani ba. Illa ta uku, wadda ta fi muni, ita ce karayar zuciya. Matashin da aka yi wa alkawarin dala, ya wayi gari ba shi da ko kuɗin data, yana iya faɗawa hannun 'yan damfara, ko dai su cuce shi da tayin aikin ƙarya da ake neman ya fara biyan kuɗi, ko kuma su ja shi cikin sana'arsu.

Shi ma mai ba da aiki bai tsira ba. Araha ba ta ado. Wanda ya karɓi aiki a farashin da ba zai riƙe shi ba, yakan gama cikin gaggawa ya tafi. Bayan shekara guda kuɗin adireshi ya ƙare, babu wanda ya san ranar sabuntawa, shafi ya rufe. Wani lokaci ma da sunan mai tsarawa aka yi rajistar, kalmomin sirri na shiga duk suna hannunsa, idan ya sauya lamba ko ya bar gari, shi ke nan an rasa shafin da duk abin da ke ciki. Hukumomi da makarantu da yawa sun biya kuɗin gina shafi sau biyu ko sau uku saboda wannan sakaci.

Inda Aiki Ya Saura

Cunkoson ya fi tsanani ne a wuri ɗaya, wato gina shafi mai sauƙi a miƙa a tafi. Akwai ayyukan da har yanzu masu yin su ba su wadata ba, kuma yawancinsu suna kusa da gida.

Na ɗaya shi ne kula da shafi bayan an gina shi: sabunta bayanai, biyan kuɗin adireshi a kan lokaci, ajiye kwafin bayanai, da toshe kafofin da masu kutse ke bi. Wannan aiki ba ya ƙarewa, kuma kuɗinsa, ko da kaɗan ne, yana zuwa a kai a kai.

Na biyu shi ne harshe da sanin jama'a. Mai tsara shafi da ke wata nahiya ba zai iya rubuta sanarwar rigakafi ko ta rabon taki da Hausar da manomi zai fahimta ba, bai kuma san cewa yawancin masu karatunmu da ƙaramar waya suke shiga, a inda sabis ba shi da ƙarfi. Shafi marar nauyi, mai buɗewa da wuri, mai Hausa ingantacciya da haruffanta masu lanƙwasa, har da saƙon murya domin waɗanda ba su yi karatun boko ba, abu ne da ɗan gida ya fi kowa iya yi.

Na uku shi ne warware wata matsala takamaimiya. Makaranta ba ta damu da kyan launi ba kamar yadda ta damu da hanyar fitar da sakamakon ɗalibai da karɓar kuɗin makaranta ba tare da ruɗani ba. Ƙungiyar manoma tana son rajistar mambobi da lissafin bashi. Kantin magani yana son sanin abin da ya saura a ma'ajiya. Wanda ya zauna da waɗannan mutane, ya fahimci aikinsu, ya haɗa musu abin da zai rage musu wahala, ba ya cikin gasar dala 5.

Na huɗu shi ne amana. Mutum ya fi sakin jiki da wanda ya san gidansu, wanda zai iya kira ya zo idan abu ya lalace. Wannan jari ne da babu dandalin da ke sayar da shi.

Shawara Ga Iyaye Da Matasa

Muna kira ga iyaye da kada su rabu da gona ko dabbobin da iyali suka dogara da su saboda alkawarin samun kuɗi cikin gaggawa. Kafin a biya kuɗin horo, a tambayi masu cibiyar ɗalibai nawa suka yaye, nawa ne daga ciki suke cin abinci da abin da suka koya, a kuma nemi ganin wasu daga cikinsu ido da ido. A fara da darussan kyauta domin a gane ko yaro yana da sha'awa da juriya. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗi kafin ya ba da aiki, a guje shi.

Ga matasa kuwa, ilimin ba asara ba ne, amma kada a tsaya a kansa shi kaɗai. Sana'a goma maganin mai gasa. A haɗa tsara shafi da ɗaukar hoto, da rubutu mai kyau cikin Hausa da Turanci, da lissafin kuɗi, da gyaran kwamfuta. A koyi amfani da ƙirƙirarriyar basira a matsayin kayan aiki, domin wanda ya iya sarrafa ta zai riga wanda ya ƙi ta. A fara da makarantar unguwa ko ƙungiyar garinku domin a tara ayyukan da za a nuna. A rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, a karɓi wani kaso na kuɗi kafin a fara, a kuma yi wa sana'a rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni idan hali ya samu, domin hukumomi sun fi mu'amala da mai rajista. Kada a saki noma ko sana'ar gado har sai sabuwar ta nuna za ta iya riƙe mutum.

Shawara Ga Jami'an Ƙananan Hukumomi

Jami'ai suna da hannu a wannan kasuwa ta fuska biyu, domin su ne masu shirya horo, su ne kuma masu ba da aiki.

Ta fuskar horo, ya kamata a fara da binciken bukata kafin a zaɓi darasi. A ƙidaya makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi da 'yan kasuwar da ke yankin, a ji abin da suke nema, sannan a san yawan waɗanda za a horar da fannin da za a ba kowa. Raba ɗalibai zuwa fannoni daban-daban ya fi a tara su duka a fanni ɗaya. Nasarar shiri kuma a auna ta da yawan waɗanda ke aiki bayan shekara guda, domin yawan takardun shaidar da aka raba ranar biki ba ya nuna komai game da abin da ya biyo baya.

Ta fuskar ba da aiki, muna tunatar da waɗannan abubuwa:

1. Shafin hukuma ya kasance a ƙarƙashin adireshin .gov.ng, wanda ake nema ta hannun NITDA, kuma da sunan hukumar za a yi rajista.

2. Kalmomin sirri da takardun rajista su kasance a ajiye a ofis, a miƙa su a rubuce duk lokacin da aka sami sauyin ma'aikata ko na shugabanci.

3. A saka kuɗin sabuntawa da kulawa a cikin kasafin kowace shekara, a kuma rubuta su a cikin yarjejeniya tun farko.

4. Kada mafi ƙarancin farashi ya zama shi kaɗai ne ma'auni. A duba ayyukan da mai nema ya yi a baya, a ga ko har yanzu suna buɗewa.

5. A naɗa ma'aikaci guda da zai riƙa sa sabbin bayanai, a kuma sa mai tsarawa ya koya masa.

6. Idan shafin zai karɓi sunaye da lambobin waya ko wasu bayanan jama'a, a kiyaye tanade-tanaden Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli na 2024 game da biyan su kasonsu kai tsaye, jama'a sun ƙara sa ido a kan yadda ake kashe kuɗinsu. Shafi mai rai, wanda ke ɗauke da kasafi da jerin ayyuka da sanarwa cikin harshen da mutane ke ji, zai amfani hukuma, zai kuma samar wa ƙwararrun matasan yankin aiki mai ɗorewa.

Kammalawa

Abin da muke so jama'a su riƙe shi ne, iya gina shafi kaɗai ya daina zama abin da ke bambanta mutum da sauran jama'a, kamar yadda mallakar waya ta daina zama sana'a. Wanda zai ci moriyar wannan ilimi shi ne wanda ya haɗa shi da sanin bukatun mutanensa, da riƙon amana, da haƙurin kula da aiki bayan an gama biki. Muna fatan masu unguwanni da dagatai da malamai da jami'an ci gaban al'umma za su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami damar karanta shi ba, musamman iyayen da ke shirin kashe abin da suka daɗe suna tarawa. Allah Ya sa albarka a sana'o'in matasanmu.